Idan Kowa Jarumi Ne, Wa Za A Ceta?

Mai karatu na iya yin mamakin abin da ya kai malamin kimiyyar harshe, wanda ya kamata a ce yana can yana fama da takardun jarrabawar ɗalibai, ga yin rubutu a kan wasan kwamfuta. Dalilin daga cikin gidana ya taso. Babban yarona ya shafe kusan shekara biyu yana buga wani wasa mai suna Skyrim a tsohuwar kwamfutata, shi kaɗai, ba ya bukatar intanet, ba ya bukatar abokin wasa. A hutun da ya gabata sai ya zo ya durƙusa ya roƙe ni in saya masa ɗan'uwan wasan, wato The Elder Scrolls Online, wanda ake bugawa ta intanet tare da dubban mutane a lokaci guda. Hujjarsa ita ce, "Abba, ai duniyar ɗaya ce, sai dai wannan akwai mutane a ciki." Na amince, bisa sharaɗin zan riƙa zama kusa da shi in ga abin da na kashe wa kuɗi.

A daren farko muna zaune, sai wani basarake daga cikin mutanen da kwamfuta ke sarrafawa ya dubi jarumin yaron ya shaida masa cewa rayuwar garinsu a hannunsa take, kuma shi kaɗai suke jira. A daidai wannan lokaci akwai wasu 'yan wasa shida ko bakwai, mutane na haƙiƙa daga ƙasashe daban-daban, tsaye a gaban basaraken nan, kowannensu ana gaya masa wannan magana. Yaron ya yi shiru yana kallonsu, sannan ya juyo ya ce da ni, "Abba, a nan kowa ma shi ne ni." A ma'aunin nahawu jimlar nan gurguwa ce, da ɗalibi ne ya rubuta mini ita da na ja mata jan layi. Amma na kwana ina juya ta, domin na lura ta tattara dukkan matsalar da manyan kamfanonin wasanni suka shafe shekaru fiye da ashirin da biyar suna kokawa da ita.

Kafin in yi nisa, ya kamata in yi wa wanda bai san irin waɗannan wasanni ba ɗan bayani. Ana gina su ne a kan duniyar almara, mai sarakuna da matsafa da dodanni masu fukafukai da ke feso wuta, inda ɗan wasa ke shiga rigar wani jarumi da ya ƙera da kansa, ya zaɓa masa suna da kama da sana'a, sannan ya fita yawo yana karɓar aike, yana yaƙi, yana ƙara ƙarfi mataki bayan mataki. Asalinsu wani wasa ne mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Babu kwamfuta a cikinsa. Abokai ne ke zagaye tebur da takarda da fensir da 'ya'yan ludo masu fuskoki da yawa, ɗaya daga cikinsu ya zama mai ba da labari kuma alƙali. Duk wanda ya taɓa zama gaban kakarsa da dare ya san wannan tsari. Tana buɗe tatsuniya ne da "ga ta nan, ga ta nanku", wato da jam'i take magana tun daga farko, tana kuma kallon fuskoki, ta tsawaita inda aka ji daɗi, ta gajarta idan an fara gyangyaɗi.

Da wasan ya koma cikin kwamfuta sai abubuwa biyu suka auku. Na'ura ta karɓi aikin mai ba da labari, abokan tebur kuma suka watse, aka bar mutum ɗaya. Haka Richard Garriott ya fitar da Ultima a 1981, haka kamfanin Bethesda ya fara jerin The Elder Scrolls a 1994, wanda Skyrim na Nuwambar 2011 ya zama na biyar a cikinsa. Saboda haka idan aka ce za a mayar da wasan mutum ɗaya ya zama duniyar jama'a ta intanet, abin da ake ƙoƙari shi ne a dawo da abokan tebur ɗin, dubbai a wannan karon, amma ba tare da an dawo da kakar da ke kallon fuskoki ba.

Matsala ta farko ta wakilin suna ce. Masanin harshe ɗan Faransa, Emile Benveniste, ya nuna a wata maƙalarsa ta 1956 cewa kalmomin "ni" da "kai" fanko ne, ba su da ma'ana tsayayya sai ta wanda ya furta su da wanda aka fuskanta da su a wannan lokaci. Wasan mutum ɗaya ya ɗora dukkan ƙarfinsa a kan wannan fankon. A Skyrim, ɗan wasa shi ne mutumin da aka haifa da ran dodo, wanda annabcin almarar ya ce zai zo, kuma abin sha'awa ga irina shi ne ƙarfinsa na magana ne, kalmomi uku-uku na harshen dodanni yake kurma ihu da su. Idan aka ce masa "kai ne", to gaskiya ce a cikin wannan duniya, domin babu wani mai rai a cikinta sai shi. Turanci yana taimaka wa masu rubuta wasan wajen ɓoye abin da zai biyo baya, tun da ya jefar da tsohon wakilin sunansa na tilo tun wajejen ƙarni na 17, ya bar kalma ɗaya tana ɗaukar mutum guda da kuma taro. Hausa ba ta da wannan mafaka. Duk wanda aka ba shi aikin fassara maganar basaraken nan dole ya zaɓa tsakanin "kai" da "ke" da "ku", kuma da zarar ya zaɓa asiri ya tonu. In ya ce "kai", ga mutum bakwai tsaye. In ya ce "ku", to ina zaɓaɓɓen?

Waɗanda suka gina The Elder Scrolls Online, wato ZeniMax Online Studios da aka kafa a 2007, sun san da wannan. Dabararsu ta farko ita ce su mayar da labarin baya da kusan shekara dubu kafin zamanin Skyrim, zuwa wani lokaci da gadon sarautar daular ya zama babu kowa a kai, ƙawance uku suna yaƙi a kansa. Hausawa na cewa ba a sarki biyu a gari ɗaya, to su sai suka nemi zamanin da babu sarki ko ɗaya. Dabara ta biyu ita ce su raba wuri guda zuwa hawa-hawa, yadda wanda ya riga ya ceci ƙauye zai gan shi cikin lumana, wanda bai kai nan ba kuma ya gan shi yana cin wuta. Da aka buɗe wasan a watan Afrilun 2014 sai wannan dabara ta zama abin ƙorafi, domin abokai biyu kan je wuri ɗaya tare, kowa ya neme ɗan'uwansa ya rasa, saboda ba sa kan gaɓa ɗaya ta labarin. Wato domin a kare "kai" sai aka raba "ku", alhali domin "ku" ɗin aka gina wasan.

Matsala ta biyu ta lokaci ce, kuma a nan zan ɗauko misali daga gida. A labarin Bayajidda, macijin rijiyar Kusugu a Daura ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙo ya zo ya sare kansa, gari ya waye an huta. Darajar labarin gaba ɗaya ta rataya ne a kan cewa abin ya faru sau ɗaya, ya kuma ƙare. Wannan shi ne abin da muke kira shuɗaɗɗen lokaci a nahawu: ya kashe macijin. To a ce wani matashinmu ya gina wasa a kan wannan labari, ya buɗe shi ga mutum dubu goma. Kowannensu ya biya kuɗinsa, kowannensu yana son ya sare kan macijin. Ba makawa macijin ya dawo bayan 'yan mintoci, mutanen gari su koma kukan ƙishirwa, mai zuwa na gaba ya cece su. Aikatau ya tashi daga shuɗaɗɗe ya koma sabau: akan kashe macijin. Haka duk manyan duniyoyin intanet suke, kuma wannan ne ya sa ceton gari a cikinsu kan koma kamar zuwa ofis.

Akwai wani ɓangare na lokacin da ya fi shafar iyaye. A wasan mutum ɗaya, agogo na ɗan wasa ne. Yana iya tsayar da duniya cak ya je ya ci abinci, yana iya adana inda ya kai, in ya yi kuskure ya koma baya kamar ba a yi ba. A duniyar jama'a babu wannan, domin ba za a tsayar da rana saboda mutum ɗaya ba. Abin da ya wuce ya wuce, sai dai kash, abin da ya wuce ɗin ba ya barin tabo. Sau ƙalilan ne aka samu akasin haka, kuma mafi shahara ya zo ne daga faɗuwa. Kamfanin Square Enix na Japan ya fitar da Final Fantasy XIV a 2010, jama'a suka yi tir da shi, aka ɗora Naoki Yoshida a kan aikin. Maimakon a yi ta faci, sai suka rubuta rushewar duniyar a cikin labarin, wani jan wata ya yi ta kusantowa 'yan wasa suna gani, har ranar da aka rufe duniyar a Nuwambar 2012, sannan aka buɗe sabuwa a Agustan 2013. Waɗanda suka halarci daren nan har yau suna ba da labarinsa, saboda abu ne da ya faru sau ɗaya, a gaban kowa.

Matsala ta uku ita ce mafi girma, kuma wanda ya fara ɗanɗana kuɗarta shi ne Garriott. Ultima IV na 1985 ya yi suna ne saboda ya ɗora wasan a kan kyawawan ɗabi'u guda takwas, irin su gaskiya da tausayi da adalci da tawali'u, ɗan wasa ba ya kai wa ga ƙarshe sai ya siffantu da su. Da kamfaninsa, Origin Systems, ya buɗe Ultima Online a Satumbar 1997 a kan kusan dala 10 a wata, ya zama irinsa na farko da ya tara masu biyan kuɗi dubu ɗari. Amma tun kafin a buɗe shi aka ga alama. A watan Agustan 1997, lokacin gwaji, Garriott ya shiga cikin rigar Lord British, sarkin duniyar, domin ya yi wa talakawansa jawabi. An manta ba a mayar masa da kariyar da ke hana shi mutuwa ba, wani ɗan wasa ya jefa masa tsafin wuta, sarki ya faɗi matacce a gaban taro.

Abin bai tsaya nan ba. Magina wasan sun tsara daji mai rai, inda dabbobi masu cin ciyawa ke hayayyafa, masu cin nama su farauce su, in abinci ya yi ƙaranci manyan namun daji su matso kusa da gari. Garriott da kansa ya ba da labarin yadda 'yan wasa suka bazu kamar fari suka karkashe duk abin da ke motsi, tun kafin tsarin ya yi numfashi, har dole aka cire shi. Sannan ƙarfafa suka koma tare hanya, suna kashe sababbin shiga suna kwashe musu kaya, a duniyar da aka gina a kan tausayi da adalci. A shekarar 2000 kamfanin ya raba duniyar biyu: Trammel, inda ba a taɓa mutum sai da yardarsa, da Felucca, inda aka bar tsohuwar doka. Mafi yawan jama'a suka yi ƙaura zuwa Trammel.

Wani masani ɗan Ingila, Richard Bartle, wanda tare da Roy Trubshaw suka gina ɗaya daga cikin duniyoyin jama'a na farko a Jami'ar Essex tun 1978, ya riga ya yi bayanin wannan a 1996. Ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu neman ɗaukaka, masu yawon gano wurare, masu neman hira da abota, da masu jin daɗin danne wasu. A wasan mutum ɗaya, ko wane iri ne kai, duniya za ta lanƙwasu ta bi ka. A duniyar jama'a kuwa duk huɗun suna kasuwa ɗaya, kuma abincin na huɗun shi ne sauran ukun. Daga wannan rana mai ginin wasa ya tashi daga marubuci ya koma hakimi. Sai ya yi doka, ya naɗa dogarai, ya saurari ƙara, ya raba filin gina gidaje, ya kula da darajar kuɗi, ya kori wanda ya gagara. Kamfanoni da dama sun shiga wannan harka da ƙwarewar ba da labari, suka tarar da aikin mulki yana jiransu.

Batun kuɗi ma misali ne mai kyau. A Skyrim mutum na iya tara zinariya har ta rasa amfani, yana iya shigar da kwaskwarimar da wasu 'yan wasa suka ƙirƙira ya sauya dokokin duniyar yadda ya ga dama, babu wanda ya cutu, domin gonarsa ce. A duniyar jama'a zinariyar wani tana rage darajar ta wani, shi ya sa ba a yarda da irin wannan kwaskwarima. A makonnin farko na The Elder Scrolls Online, masu sayar da zinariyar wasa da kuɗin gaske sun cika kogunan da jarumai na bogi, waɗanda manhaja ke tuƙawa dare da rana, suna tsaye a inda babban abokin gaba zai sake fitowa, su kashe shi kafin ɗan wasa na gari ya ɗaga takobi. Ga kuma kuɗin wata na kusan dala 15 da aka wajabta bayan kuɗin sayen wasan, abin da masoya Skyrim ba su saba da shi ba.

Yadda wasan ya farfaɗo shi ne abin lura. A Maris na 2015 aka janye wajabcin kuɗin wata, aka kuma shigar da damar sata da yankan aljihu tare da dogaran da ke kama ɓarawo, abin da 'yan wasa suka saba da shi a wasannin baya. A Oktobar 2016 aka rushe shingayen da ke tsakanin yankuna, aka daidaita ƙarfin abokan gaba da na ɗan wasa, yadda kowa zai iya zuwa ko'ina tare da kowa. A 2021 ma har aka ƙara abokan tafiya na kwamfuta, domin wanda ba ya son hulɗa da mutane ya samu mai taya shi yaƙi. A taƙaice, an gyara duniyar jama'a ne ta hanyar mayar mata da yawancin 'yancin wasan mutum ɗaya. Wannan bai saɓa wa abin da wasu masu bincike a cibiyar PARC ta Kalifoniya suka gano a 2006 ba, lokacin da suka nazarci World of Warcraft suka tarar 'yan wasa da yawa suna shafe mafi yawan lokacinsu su kaɗai. Suna son su ga mutane suna kai-kawo, suna son a ga kayan da suka samu, amma ba lallai su yi tafiya tare ba, kamar mai zuwa kasuwa ya sha iska ba domin ciniki ba.

Kada mai karatu ya ɗauka mafita ita ce a watsar da labari a bar mutane su zama labarin junansu, domin an gwada wannan ma. A Nuwambar 2018 Bethesda ta fitar da Fallout 76, wanda shi ma daga jerin wasannin mutum ɗaya aka ciro shi, ko da yake nasa labarin na bayan yaƙin nukiliya ne. Sun yanke shawarar cewa duk ɗan'adam da ka gamu da shi a ciki zai zama ɗan wasa na gaske. Sakamakon ya zama duniya mai faɗi marar mazauna, taron tsintsiya ba shara, sai a Afrilun 2020 aka dawo da mutanen kwamfuta masu magana da ba da aike. Baƙon da ka gamu da shi a hanya ba zai tsaya ya zama maƙerin ƙauye ko gwauruwar da ta rasa ɗanta domin kai ka samu labari ba. Shi ma jarumi ne, yana sauri.

To me duniyar jama'a ke bayarwa wanda ɗayar ba ta da shi? A matsayina na mai nazarin harshe, amsata ita ce magana. Mutumin kwamfuta yana da jimloli ƙidayayyu, in ka daɗe za ka haddace su. Mutum na gaske ba ya ƙarewa. Final Fantasy XI, wanda aka buɗe a Japan a 2002, ya haɗa Japanawa da Amurkawa a duniya ɗaya, aka ba su wani ƙamus na shiryayyun kalmomi da jimloli, in ka zaɓi ɗaya sai ta bayyana wa kowa da harshensa. Ba a daɗe ba 'yan wasa suka fara harhaɗa waɗannan guntaye suna fitar da barkwanci da ma'anonin da masu ƙamus ɗin ba su taɓa nufi ba. Duk wanda ya san yadda barikanci ya tsiro a barikokin soja zamanin Turawa, inda ƙabilu daban-daban suka sassaƙe Hausa domin bukatar yau da kullum, zai gane abin da ya faru. A World of Warcraft kuwa akasin haka aka yi, aka sa rundunonin biyu masu gaba ba sa fahimtar juna, duk abin da ɗan wancan ɓangare ya rubuta sai ya fito maka a hargitse. Magina wasan sun fahimci cewa hanya mafi sauƙi ta raya gaba ita ce a hana mutane jin maganar juna.

Haka kuma akwai wuri guda a The Elder Scrolls Online inda "kai" yake da gaskiya. A yankin Cyrodiil, inda ƙawancen uku ke gwabzawa mutum da mutum, idan ɓangare ɗaya ya ƙwace ganuwoyi shida da ke kewaye da babban birni, ɗan wasan da ya fi kowa maki a cikinsu sai a naɗa shi sarkin daula, ya riƙe har ranar da aka ƙwace ganuwoyin. Wannan sarauta ba annabci ne ya ba shi ba, ɗaruruwan mutane ne suka yi masa yaƙi, wasu ɗaruruwa kuma suna shirin tuɓe shi. A ganina a nan ne darasin yake ga duk mai son yin irin wannan aiki, ciki har da matasanmu da suka fara koyon gina manhaja suna mafarkin ɗora labaranmu a kai. Labarin zaɓaɓɓe guda ɗaya ba ya jure taro. Abin da ke jure taro shi ne labarin da tun asali na jama'a ne, kamar ayarin fatake, ko tsaron ganuwa, ko rikicin gadon sarauta, inda madugu da jagaba da mai gadin baya kowa ke da gurbinsa.

Ga iyaye irina kuwa, akwai abubuwan da ya kamata mu sani kafin mu zaro kuɗi. Na farko, yaron da ke cikin ayarin mutane na gaske ba zai iya tsayar da wasa idan an kira shi aike ba, in ya tashi ya saɓa wa abokan tafiya, in ya zauna ya saɓa wa iyaye, don haka gara a yanke lokaci tun kafin ya shiga. Na biyu, janye kuɗin wata ba ya nufin an daina neman kuɗi, an dai mayar da shi kanti ne a cikin wasan, har da akwatunan sa'a da ake saya ba a san abin da ke ciki ba, irin waɗanda hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauka a matsayin caca a 2018. Na uku, manyan na'urorin da ke riƙe da wannan duniya a Turai da Arewacin Amurka suke, duk saran takobi sai ya je can ya dawo, ga kuɗin data, ga ɗauke wuta ana tsakiyar yaƙi. Na huɗu, wasan mutum ɗaya yana nan muddin kwamfutarka na aiki, amma duniyar intanet aro ce. Star Wars Galaxies da aka buɗe a 2003 an rufe shi a Disambar 2011, gidaje da garuruwan da mutane suka shekara takwas suna ginawa suka tafi a dare ɗaya. Na biyar, akwai baƙi a ciki, na kirki da na banza, kuma suna magana da yaronka.

Duk da haka ban yi da-na-sanin sayen wasan ba. Kwanaki kafin a koma makaranta, na tarar da yaron a wani yanki mai suna Elsweyr, wanda aka ƙara a 2019, inda dodanni ke sauka a fili kuma da wuya mutum ɗaya ya iya da su. Mutum wajen ashirin ne suka taru ba tare da an kira su ba. Jaruminsa ya faɗi sau biyu, sau biyun kuma wani baƙo da bai san ko daga wace ƙasa yake ba ya tsaya cikin wuta ya tashe shi. Da dodon ya faɗi sai yaron ya juyo yana haki kamar shi ya yi gudun, ya ce, "Abba, mun kashe shi!" Na san dodon zai dawo ba da jimawa ba, shi ma ya sani. Amma na lura a shekara biyun da ya yi yana kashe dodanni a Skyrim, ban taɓa jin ya ce "mun" ba. Da na tambaye shi wanne ya fi a cikin wasannin biyu, sai ya ce in yana son labari yakan koma tsohon, in yana son mutane ya shiga sabon. Ina ganin da kamfanonin nan sun fara da wannan fahimta, da sun huta da asarar shekaru da miliyoyin daloli.